Cutar noma: Haɗin gwiwar masana da al'umma a Sakkwato

A Dundaye da ke bayan garin Sakkwato ne mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, kewaye da ƙauyukan manoma da makiyaya.

An kafa jami'ar ne a shekarar 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, kafin a sauya mata suna a 1988. Tana kuma da asibitin koyarwa a cikin gari, inda ake horar da likitoci.

Ɗaya daga cikin fannonin da ilimin jami'ar ya haɗu da bukatun talakawan karkara shi ne binciken cutar noma, cutar da kusan ba ta kama kowa sai 'ya'yan marasa galihu.

Mece ce noma?

Sunan cutar ba shi da alaƙa da noman gona. Kalma ce ta Girkanci mai ma'anar cinyewa.

Takan fara ne da kumburin dasashi, sannan cikin 'yan kwanaki ta ci naman kumatu da leɓe, har ta kai ga ƙashi.

Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman masu fama da tamowa, ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ne ke kamuwa da ita a kowace shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa idan ba su sami magani ba.

Amma idan aka gano ta da wuri, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki sun isa su tsayar da ita. Ke nan tazarar da ke tsakanin rayuwa da mutuwa ita ce saurin kai yaro asibiti.

Waɗanda suka haɗa hannu

A 1999 aka buɗe asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato, da tallafin wasu ƙungiyoyin agaji na Turai. A 2014 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki da ma'aikatar lafiya ta jihar a asibitin, inda ake yin magani da tiyatar gyaran fuska kyauta.

Sai dai akasarin masu zuwa asibitin sukan iso ne bayan cutar ta gama ɓarna. Wannan ya sa aka ga ya wajaba a fita ƙauyuka a tambayi dalili.

A binciken da aka yi a 2017, wanda sashen kula da lafiyar yara na asibitin koyarwa na jami'ar ya shiga ciki, an kwatanta yaran da suka kamu da cutar da takwarorinsu na ƙauye ɗaya da ba su kamu ba.

An gano cewa cutar ta fi yawa a tsakanin yaran da koko ne abincinsu na kullum, ta kuma yi ƙaranci a tsakanin waɗanda aka shayar da su dakashi, wato nonon farko da wasu iyaye kan zubar.

A 2018 kuma an bi gida-gida a jihohin Sakkwato da Kebbi ana duba bakin dubban yara, aikin da ba ya yiwuwa sai da yardar hakimai da dagatai da iyaye.

Abin da jama'a suka koya wa masana

Tattaunawa da iyaye ta nuna cewa kalmar noma baƙuwa ce a ƙauyuka. Wasu na kiran cutar ciwon daji, wasu kuma ciwon iska.

Sunan na da tasiri, domin wanda ya ɗauka iskokai ne suka taɓa ɗansa, ba asibiti zai fara nufa ba.

An kuma zauna da masu maganin gargajiya, waɗanda su ne iyaye kan fara tuntuɓa saboda kusanci da sauƙin kuɗi. Sun nuna a shirye suke su koyi alamomin farko na cutar, su kuma riƙa tura yara asibiti.

Neman izini da yarda na da muhimmanci a arewacin Najeriya, inda har yanzu ake tunawa da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Shi ya sa irin waɗannan bincike sai sun bi ta hannun kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin koyarwar.

Sakamako

A watan Janairun 2023 Najeriya ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a watan Disamban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince.

Daga cikin waɗanda suka yi fafutukar akwai Mulikat Okanlawon, wadda ta tsira daga cutar tana ƙarama, aka yi mata tiyata a asibitin na Sakkwato, daga baya ta zama ma'aikaciya a cikinsa.

Shiga jerin dai bai kawar da yunwa da ƙarancin rigakafi da nisan asibiti ba, kuma muddin suna nan, cutar ba za ta rasa yaron da za ta kama ba.