Layi na Ɗaya da na Goma Sha Biyu: Tarihin Yadda Kwamfuta Ke Amsa Kiran Yatsu

Duk wanda ya taɓa kwana yana buga bahasinsa a wani shagon kwamfuta na Madinatu Nasr ya san cewa da zarar ya danna harafi sai ya gan shi a fuskar na'ura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan saurin amsawa yana da tsari, kuma tsarin yana da tarihi.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar malami take a zaure, kullum tana cikin aiki. Hanya biyu gare ta ta sanin an danna harafi: ko dai ta riƙa leƙawa da kanta, ko kuwa a yi mata sallama ta dakata. Kwamfutocin Sakhr samfurin MSX, waɗanda suka shiga gidajen Larabawa a shekarun 1980, ta farkon suke bi, suna leƙa allon madannai lokaci-lokaci. Kamfanin nan Muhammad Al-Sharikh ne ya kafa shi a Kuwaiti a 1982, ya kuma dawo da aikinsa nan Alƙahira bayan Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a 1990.

Kwamfutar IBM ta 1981 kuwa hanyar sallama ta ɗauka. An sanya mata wani ɗan guntu na kamfanin Intel mai lamba 8259, aikinsa kamar na mai gadin ƙofa, yana da layukan kira takwas da ake ce wa IRQ. Layin sifili na agogo ne, na ɗaya kuma na allon madannai, kuma mai ƙaramar lamba shi ake fara saurara. A 1984 aka ƙara guntu na biyu aka rataya shi a layi na biyu, layuka masu amfani suka zama 15. Da IBM ta fito da samfurin PS/2 a 1987, sai beran kwamfuta ya sami nasa layin, na 12.

To yaya direba ke mallakar layi? Direba dai ƙaramar manhaja ce mai yi wa na'ura tafinta. Idan an kunna kwamfuta, direban allon madannai yakan nemi layi na ɗaya a wajen babbar manhaja, ya ajiye adireshinsa a wani jadawali. Da ka danna, mai gadi zai sanar da ƙwaƙwalwa, ta ajiye abin da take yi, ta duba jadawalin, ta kira direba. Shi kuma ya karanta saƙon, ya ce wa mai gadi ya gama, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. A zamanin DOS kowace manhaja na iya goge adireshin wani ta rubuta nata, shi ya sa rikici bai ƙarewa.

Rikicin da aka fi sani shi ne na bera da modem. Tsohon bera ta ramin COM1 yake shiga, ramin da ke amfani da layi na huɗu, wanda COM3 ma ke amfani da shi. In aka saka modem a COM3, kana buga waya don shiga intanet sai bera ya sandare. Zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Maganin shi ne a buɗe kwamfuta a sauya wa modem layi da hannu. Windows 95 ta fara raba layukan da kanta, sannan USB ya zo a 1996. A nan an koma gidan jiya: na'urar da ke kula da ramukan USB ita ke leƙa bera da allo, ita ce kuma ke yin sallama a madadinsu. Duk da haka, allon jikin kwamfutocin cinya da yawa har yanzu layi na ɗaya yake kira.

Ga inda abin ya shafe mu. Allon madannai ba harafi yake aikawa ba, lamba ce. Maɓallin da aka rubuta wa A, lambar da ke isa wajen direba ita ce 30. Wani jadawalin ne daban ke fassara ta. In an zaɓi Turanci ta zama A, in an zaɓi Larabci ta zama shinun. Ke nan Larabawa ba su jira an ƙera musu sabon ƙarfe ba, masanansu ne suka zauna suka tsara manhaja.

Haka zancen yake ga ɓ da ɗ da ƙ. Duk lokacin da muka rubuta kasa muna nufin ƙasa, kada mu ɗora wa allo laifi, domin lambar da ya saba aikawa ya aika. Tsarin madannai na Hausa yana nan a Windows da wayoyin hannu, sai dai a zaɓe shi. Ya rage gare mu, mu ɗaliban da ke karatu a waje, mu kunna shi, mu kuma koya wa na gida idan mun koma.