Wa ka sani a garin ga? Tarihin masauki tsakanin Madawa, Buza da Keita

A ranin bara wani abokina Bakano, mai sayen albasa, ya kira ni a waya. Zai shiga ƙasarmu karo na farko, daga Madawa ya haura Buza, in hali ya yi ya leƙa Keita. Ya ce in ba shi sunayen masaukai uku a kowane gari: mai tsada, matsakaici, da na talaka, shi zai zaɓa daidai aljihunsa. Na yi dariya har ya ji haushi. Otel da gidajen baƙi akwai su a Madawa, amma ba su da yawa, kuma da ka bar babbar hanya ka nufi duwatsun Adar sai su ƙara ƙaranci. Abin da na iya yi masa shi ne na haɗa shi da ƙanen mahaifina.

Kwana tara ya yi a zauren Baba. An ba shi tabarma da gidan sauro, fura da rana, tuwo da dare, yaro guda yana raka shi garake da kasuwa. Ko dala ba a tambaye shi ba. Sai da ya koma Kano ya zauna da biro da takarda, ya tara la'adar da aka cire a kan kowane buhun da ya saya ta hannun Baba, ya ga ta fi kuɗin otel. Ya sake kirana ya ce, "Malam, ashe zauren nan naku ya fi otel tsada!" Na ce gaskiya ne, amma otel ba zai tsaya maka ba in direba ya gudu da kayanka. Tun daga ranar nake ta tunanin yadda wannan tsari ya samo asali, da yadda kuɗi ya shigo cikinsa.

Mutane na son cewa a da baƙo ba ya biyan komai, kowa daidai yake a zaure. Ni ban yarda ba. Masauki a ƙasar Hausa tun fil azal hawa-hawa ne. Bambancin kawai shi ne ba a rubuta farashi a bango ba. Abin da ke yanke inda za ka kwana shi ne kayan da ka ɗauko da sunan da ka ambata a ƙofar gari. Shi ya sa tambayar farko da tsofaffinmu ke yi wa baƙo ita ce, "Wa ka sani a garin ga?"

A can ƙasa akwai masallaci da tsangaya. Almajiri, matafiyi a ƙafa, mai niyyar hajji ta gabas, duk nan suke yada zango. Bayan sallar magariba sai akusa su fara fitowa daga gidaje. Addini ya tsayar da haƙƙin baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma jama'a sun riƙe lissafin nan sarai. Ranar huɗu ba mai korarka, amma za a fara tambayarka labarin hanya.

Sama da wannan akwai zango, filin da ake keɓe wa ayari a bayan gari, kusa da rijiya. Ƙasarmu ta san ayari ƙwarai. Buzayen Kel Geres, waɗanda suka zauna a wajajen Azarori da Galma, su ne ke kai raƙuma Bilma da Fashi su ɗauko kantun gishiri da dabino, su sauko kudu su musanya da gero. Ayari ba ya buƙatar ɗaki. Ruwa yake so, da kiwo, da tabbacin ba za a far masa cikin dare ba. Kakana ya sha ba mu labarin yadda manoma ke rige-rigen jawo masu raƙuma su sauka a gonarsu bayan girbi. Dabbobi su ci kara, su bar taki, mai gona ma ya ƙara musu da damin hatsi. A wannan masaukin mai gida ne ke biyan baƙo, kuma har gobe ana yin haka da Fulani a wasu ƙauyukanmu.

Sai kuma fatoma, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan kasuwancin Hausawa gaba ɗaya, kuma shi ne kakan abin da Baba ya yi wa abokina. Fatoma mai gida ne da ke saukar da fatake. Zai ba ka wurin kwana da abinci, ya ajiye kayanka a ɗakinsa, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye, ya yi maka tafinta in yaren ya bambanta. Abu mafi nauyi, in an sayi kayanka bashi shi ne mai lamuni. In mai saye ya ɓace, fatoma zai biya daga aljihunsa, don in bai biya ba labari zai riga shi isa kowace kasuwa, kuma baɗi ba mai sauka gidansa. Jarinsa duka sunansa ne.

Wannan tsari ya bi Hausawa duk inda suka je. Kalmar zango ita ce ta zama sunan unguwannin baƙi a Gana da Togo da Benin, daga Salaga ta zamanin fataucin goro zuwa Kumasi da Ankara. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a 1966 a kan masu masaukin kasuwar shanu ta Kumasi. Abner Cohen kuma ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu a hannun 'yan tsirarun masu gida yake. Da na karanta shi sai na ga kamar zauren kakana yake siffantawa. Mutanen Adar kuwa, da Tamaske da Buza da Keita, sanannu ne wajen cin rani. Saurayi zai bar ƙauye da kuɗin mota kawai da sunan mutum ɗaya a Abijan ko Legas, kuma sunan nan ya ishe shi wurin shimfiɗa har ya samu abin yi.

A can ƙoli akwai baƙon sarki. Shi fada ke nema wa gida, a aika masa rago da hatsi. Amma kada mai karatu ya ɗauka wannan ne mafi sauƙi. Baƙon sarki da gaisuwa yake biya, kuma gaisuwar ba ta da iyaka sai abin da aka ga yana ɗauke da shi. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851 ba shi da kuɗi, ga bashi, ga zazzaɓi, ga kyautar da fada ke jira, aka sauke shi a wani gida mai duhu a unguwar Dala wanda ya yi ta kuka da shi. Kafin shi, Hugh Clapperton ya sauka a Sakkwato a hannun Waziri Giɗaɗo a 1824, ya dawo karo na biyu, ya rasu can a Afrilun 1827. Baƙon sarki yana cin mai kyau, amma ba ya tafiya sai an sallame shi.

Zuwan Nasara ne ya kawo masauki na biyar, wanda ba ya tambayar wa ka sani. Labarin yadda Madawa ta zama matsaya a hanyarsu yana da ban sha'awa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ta bar wa Ingila abin da ke cikinta. Ƙonni da Madawa suka faɗa ciki. Faransawa suka wayi gari hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram sai ta zagaya ta Filinge da Tawa, ta ƙasar da rijiyoyi ke nesa da juna. Suka yi ta matsawa har aka gyara iyakar a 1904 da 1906, aka ba su hanyar kudu mai ruwa. Daga nan Madawa ta zama zango tsakanin Yamai da Damagaram, biranen da suka yi musayar zama babban birni: Damagaram daga 1911, Yamai daga 1926.

A kan irin waɗannan hanyoyi aka gina ɗakunan saukar ma'aikatan gwamnati, waɗanda Faransawa ke kira campement, mu kuma duk abin da ya shafi wajen muka haɗa shi muka ce bariki. Ga Bature mai rangadi, masauki ne mai araha. Ga ƙauyen da ke kusa, ba a taɓa yin masauki mai tsadarsa ba. Kakata tana tuna yadda gardi ke zuwa ya karɓi kaji da ƙwai da itace da ciyawar doki, a tasa mata su cika tuluna, a tasa maza gyaran jinka, ba a biyan kowa. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Ina ganin ba banza ba kalmar bariki ta ɗauki mummunar ma'ana a bakin Bahaushe. Wuri ne da mutum ke kwana ba tare da wani ya tsaya masa ko ya sa masa ido ba, kuma har yau wannan zargin bai saki otel ba. A garuruwanmu ɗan gari da aka gani yana shiga otel sai ya yi bayani.

Mota ta zo ta sake lale. Da aka shimfiɗa kwalta daga Yamai ta Ƙonni da Galmi da Madawa zuwa Maraɗi, tafiyar da ake yi cikin makonni ta koma ta yini. Zangon bayan gari ya mutu, tasha ta gaje shi. Duk wanda ya yi tafiya da manyan motocin safa a Nijar ya san tsarin: mota na tashi kafin asuba, don haka fasinja ya kwana a harabar kamfani bisa tabarma, jakarsa ce matashinsa. Tabarmar ma sau da yawa ta kaba ce irin wadda aka san ƙasar Madawa da saƙawa. Wannan shi ne masaukin talaka na zamaninmu, kuma kuɗinsa na cikin tikiti.

Haya kuwa, a iya abin da na gani da idona, ayyukan raya ƙasa ne suka koya wa mutanenmu ita. A 1975 aka fara dasa layukan itatuwan tare iska a kwarin Majiya ta wajen Buza. A 1984, shekarar da fari ya yi mana mugun kamu, aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci. Injiniyoyi da direbobi da akawu suka cika gari, mutanen da ba fatake ba ne, ba baƙin sarki ba, kuma ba kwana uku za su yi ba. Ba su da kayan da za a ci la'ada a kai. Dole a yanka musu kuɗi a wata. Na tuna wani dattijo a Keita da ya ba wani ma'aikaci ɗaki, ƙarshen wata aka miƙo masa kuɗi ya ƙi karɓa don kunya, sai matarsa ce ta aika yaro ya karɓo ta bayan gida. Bayan yunwar 2005, da ƙungiyoyin agaji suka yawaita a Madawa, kunyar ta riga ta tafi. Masu hali suka fara gina gidajen siminti da niyyar haya tun daga tushe.

To yau matafiyi a yankinmu yana da zaɓi kamar yadda abokina ya nema. Mai takardar aiki daga Yamai ya kama ɗaki mai na'urar sanyi. Ƙaramin ma'aikaci ya nemi ɗakin baƙi na wata ma'aikata ko ya sauka wurin abokin karatunsa. Ɗan kasuwa ya tafi wurin mai gidansa, a kasuwar dabbobi ta Tunfafi ko wajen masu albasa. Wanda ba shi da ko ɗaya ya nufi tasha ko masallaci. Sai dai na lura masallatai da yawa yanzu ana kulle su bayan isha'i, kuma mai unguwa na son a sanar da shi duk baƙon da ya kwana. Ban ga laifinsu ba, ganin halin tsaro. Amma matakin ƙasan tsanin ne ake cirewa, wanda marar kowa ke takawa.

Na kuma lura cewa duk ranar da abu ya ɓaci, tsohon tsarin ake komawa. Da Gana ta kori baƙi a ƙarshen 1969, da Najeriya ta yi haka a 1983, a zaurukan dangi mutanenmu suka sauka. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, direbobi da 'yan kasuwar da hanya ta yanke wa kuɗin otel ya ƙare musu cikin kwanaki, masu gidansu ne suka riƙe su. Mafi girma duka shi ne abin da ya faru a Bangi, kudu da Madawa, inda mutanen ƙasar Sabon Birni suka riƙa tsallakowa suna gudun 'yan bindiga. Kafin wata ƙungiya ta kafa tanti, gidajen talakawa ne suka buɗe. Da ma dangi ne, Gobirawa ne gaba da baya, iyakar 1906 ce ta ratsa tsakaninsu.

Wata 'yar'uwar mahaifiyata da ke aure a wajen ta sauke mace da 'ya'yanta biyar a ɗakin da take ajiye hatsi. Da na je gaishe ta na tarar sun shekara biyu tare, tukunya ɗaya. Na ce, "Inna, kwana ukun ai ya wuce tuni." Ta harare ni ta ce, "To ina za su? Kai ka san wani a can da za su ambata?" Rumbunta ya ƙare tun kafin damina ta sauka a shekarar, ɗanta da ke Abijan ne ya aiko da kuɗin masara.

Abokina Bakano ya dawo bana. Na tanadar masa lambar wani gidan baƙi mai fanka da banɗaki a ciki, tunda ya yi ƙorafin la'ada. Bai ko kira ba. Da na tambayi Baba, ya ce ai tun daga Ƙonni ya bugo waya a share masa zaure, kuma ya zo da turmin atamfa biyu na matan gida.