Daga Ribaɗin Wurno Zuwa Taswirar Wasan Kwamfuta

A shekarar 1824 Bature Hugh Clapperton ya sauka a Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya ba shi taswira mai nuna garuruwa da mabiyar kogin Kwara. An buga ta a Landan a 1826. Bayan 'yan shekaru, Bello ya kafa ribaɗin Wurno kusa da kogin Rima domin tare hare-haren Gobirawa da Abzinawa, kuma a can ya rasu a 1837. Mai kafa ribaɗi dole ya amsa tambayoyi uku: ta ina abokin gaba zai ɓullo, ina ruwa yake, ina za a buɗe ƙofa? Su ne kuma tambayoyin da ke gaban mai gina taswirar wasan kwamfuta a yau.

Wannan sana'a ta kankama ne a Disambar 1993, sa'ad da kamfanin id Software ya fitar da wasan Doom. Kamfanin ya ware bayanan filayen wasan daga injinsa, don haka kowa na iya gina filinsa ya raba wa jama'a. A 1999 wani matashi ɗan Ingila, David Johnston, ya gina taswirar Dust don wasan Counter-Strike, ya biyo ta da Dust II a 2001, wadda har yanzu ake fafatawa a kanta. DotA ma taswira ce da masu sha'awa suka ƙirƙira a cikin Warcraft III a 2003. Daga gare ta Dota 2 ya fito, wanda kyautar gasarsa ta 2021 ta kai kusan dala miliyan 40.

Tsawon shekarun nan, magina sun tsaya a kan tsari guda. Da farko a san manufar filin: mutum nawa za su buga, me suke nema? Sai a zana shi a takarda. Daga nan a tayar da shi da tubala marasa launi, babu ado ko kaɗan, a ƙirga daƙiƙun da kowane ɓangare zai ɗauka kafin ya isa mahaɗa. Idan wani ya riga wani da tazara mai yawa, an zalunce shi tun kafin a fara. Sai a kira mutane su buga, magini ya zuba ido ya ga inda suka ɓace da lungun da ba wanda ya bi. Sai an gyara wannan sau da yawa ake sa haske da launi da sauti. Magina na jiya ma sai bango ya bushe suke yin yaɓe. Bayan fitarwa kuma, gyara na ci gaba gwargwadon koken 'yan wasa.

A Agustan 2021 wasan Age of Empires III ya shigar da Hausawa cikin al'ummunsa, da Kano a matsayin babban birninsu da Sarauniya Amina a matsayin jagora. Abin farin ciki ne, amma wasu ne suka zaɓi abin da duniya za ta gani game da mu. Wasan yana da manhajar gina fili da ke hannun duk wanda ya saye shi.

Ƙasar da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo kuwa tana da duk abin da magini ke buƙata: kogi mai raba fili, mashigai da za a yi takara a kansu, fadama mai ciyar da runduna, da tudu mai ba da hangen nesa. Matashin da ya zauna da dattawan Wurno, ya tambayi inda ganuwa da ƙofofi suke a da, ya riga ya gama matakin farko. Saura takarda da fensir.