Tarihin Mahaɗin Akwatin Wasa da Talabijin: Daga Eriya zuwa HDMI



Abin da za mu duba a yau ƙarami ne a ido, watau ɗan bakin wayar nan da ake cusawa a bayan akwatin wasa don hoto ya fito a talabijin. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tarihin wannan mahaɗi zai nuna mana cewa siffar kayan aiki ba a kan gwaninta kaɗai take tsayuwa ba, har da ciniki da kuma doka.

Akwatin wasa na farko da aka sayar don amfani a gida shi ne Odyssey, wanda kamfanin Magnavox na Amurka ya fitar a 1972 bisa aikin injiniya Ralph Baer. Talabijin na wannan zamani ba shi da ƙofar shigar hoto sai ta eriya. Saboda haka dole akwatin wasa ya mai da kansa kamar wata 'yar ƙaramar tashar watsa shirye-shirye: yana aika hotonsa ta waya zuwa wajen eriya, mai gida kuma ya juya wani makunni tsakanin wasa da shirye-shirye. Haka Atari ya yi a 1977, haka kuma Famicom na kamfanin Nintendo a Japan a 1983. Aibin wannan hanya shi ne ana cakuɗa haske da launi da sauti a wuri guda, sa'an nan talabijin ya sake rarraba su, hoto ya fito da yayyafi.

Da talabijin suka fara samun kafofin hoto da sauti dabam, sai wata matsalar ta bayyana, domin duniya ba ta bin tsari ɗaya. Amurka da Japan suna kan NTSC mai layuka 525, Ingila da Jamus ta Yamma suna kan PAL, Faransa kuwa tana kan SECAM, duka biyun masu layuka 625. Mu ma rabon ya shafe mu, don Nijeriya ta bi PAL, Nijar ta bi SECAM, shi ya sa akwatin da aka yo tsarabarsa daga Amurka sau da yawa ba ya nuna launi a talabijin ɗinmu na da. Daɗin daɗawa, Faransa ta wajabta a 1980 cewa talabijin da za a sayar a ƙasarta ya zo da kafa mai haƙora 21, wadda ake kira Péritel ko SCART. Wannan kafa tana karɓar ja da kore da shuɗi kowanne ta hanyarsa, don haka hotonta ya fi tsabta.

To, a nan ne kamfanoni suka yi dabara. Maimakon su jera kafofi iri-iri a bayan kowane akwati, sai suka yi kafa ɗaya mai haƙora da yawa, bambancin ƙasa da ƙasa kuma aka bar wa waya. Nintendo ya fito da tasa mai haƙora 12 a Super Famicom a 1990, ya ci gaba da ita a Nintendo 64 a 1996 da GameCube a 2001. Sony ya yi tasa, ita ma mai haƙora 12, a PlayStation na 1994, ta kuwa daɗe har PlayStation 3 na 2006. Amma ta wannan ba ta shiga ta wancan: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sega ma ko da kansa bai daidaita ba, gama Mega Drive na 1988 haƙora 8 gare shi, sabon samfurinsa na 1993 haƙora 9, Saturn na 1994 kuma 10.

Ya kamata mu yi adalci: dabarar ta rage kuɗin ƙira, ta kuma rage girman akwati. Sai dai ta ba kamfani wani iko a kan mai saye. Galibi wayar da ke zuwa cikin kwali ita ce mai kawuna uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, wadda hotonta matsakaici ne. Wanda ke son hoto mafi kyau, ko wanda tasa ta tsinke, sai ya sake sa hannu a aljihu, kuma ba kowace waya ta kasuwa za ta yi masa ba.

Babu misalin da ya fi na GameCube fito da wannan a fili. Ban da tsohuwar kafa, akwatin ya zo da ta biyu mai fitar da hoto a tsarin lambobi, amma ɗan guntun na'urar da ke juya hoton zuwa abin da talabijin ke ganewa an ɓoye shi ne cikin kan wayar. Ke nan ba wanda zai iya ƙera irinta cikin sauƙi. Kaɗan aka sayar, a 2004 kuma kamfanin ya cire kafar daga sababbin akwatuna. Bayan shekaru, da masu sha'awar tsofaffin wasanni suka shiga nemanta, sai farashin tsohuwar waya ɗaya ya kai ɗaruruwan daloli, ya zarce na akwatin kansa.

Ƙarshen wannan zamani ya zo ne ta hanyar yarjejeniya. A 2002 kamfanoni bakwai, cikinsu har da Sony da Philips da Toshiba, suka amince da mahaɗin HDMI mai haƙora 19, wanda ke ɗaukar hoto da sauti tare. PlayStation 3 ya zo da shi a 2006, Xbox 360 ya samu a 2007, PlayStation 4 kuwa ya fito a 2013 ba tare da tsohuwar kafa ba. Duk da haka kada mu ɗauka an bar ƙofa a buɗe: mai ƙera kaya da HDMI yana biyan kuɗin lasisi, kuma tsarin yana tafe da makullin hana kwafar finafinai. Ikon bai gushe ba, ya tashi ne daga hannun kamfani ɗaya ya koma hannun ƙungiya.

Daga ƙarshe, darasin shi ne kamfani ba ya barin mahaɗinsa don tausayi, sai doka ta tilasta shi, kamar yadda Faransa ta yi, ko kuwa ribarsa ta koma ga haɗin kai. Tarayyar Turai ta sake bin hanyar doka a 2022, inda ta wajabta kafar caji ta USB-C a wayoyin hannu da akwatunan wasa na hannu daga ƙarshen 2024. Saboda haka duk ma'aikacin da aka ɗora wa sayen na'urori don makaranta ko asibiti ko ofis, kada ya tsaya ga farashi kawai. Ya juya bayan na'urar ya dubi kafarta, ya tambaya: in waya ta lalace bayan shekara goma, wa ke da ikon sayar mana da wata?