Daga Uwar Maƙera Zuwa Injin Walda a Yankin Mai Wurno

A ranar 27 ga Yuli, 1903, sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas. A daidai wannan zamani, can a Faransa, wasu injiniyoyi biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suna kammala bakin wutar gas da ke narka ƙarfe da zafin da ya haura digiri 3,000. Masu hijira ba su san da zaman injiniyoyin ba. Wajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sennar, inda garin Mai Wurno yake har yau, kuma sai da aka yi shekaru masu yawa kafin wutar ta iske jikokinsu a can.

Ba a kafa garin noma babu maƙeri. Fartanya, lauje, gatari, ƙugiyar masunta, linzamin doki, duk daga hannunsa suke fita. Mutane da yawa suna zaton haɗa ƙarfe da ƙarfe injin walda ne ya zo da shi, alhali maƙerin Hausa ya daɗe yana yi. Yakan tura ƙarafa biyu cikin gawayi, ɗan zuga yana kan zugazugi, har su wuce ja su koma fari, wato zafin da ya kai kusan digiri 1,300. Sai ya watsa musu yashi mai laushi, wanda ke narkewa ya kwashe dattin da ke hana su kama juna, ya zaro su da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya sa masaba. Idan ya yi gaggawa ba za su kama ba, idan ya yi jinkiri ƙarfen ya ƙone. Ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa. Wannan ne ya sa duk maƙerin kirki ya san halin ƙarfe: wanda ke lanƙwasuwa, wanda ke shan ruwa ya yi tauri, da wanda ke fashewa da an taɓa shi.

A ƙasar Hausa, narka tama ya fara mutuwa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ƙarfen Turawa da tarkacensa sun fi arha. A Sudan masu hijira sun tarar da irin wannan sauyi yana tafe. Titin dogo daga Khartoum ya iso Wad Madani a 1909, ya wuce Sennar, ya ƙetare Farin Nilu a Kosti. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, mai tsawon kimanin kilomita 3, aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, wanda mutanen Yammacin Afirka suka zuba guminsu a cikinsa. Amma manyan ayyukan ƙarfe na wancan lokaci, kamar gadar jirgi ta Khartoum da aka gama a 1909, ba da walda aka haɗa su ba. Huda ƙarafan ake yi, a zura ƙusa mai zafi, a daddake kanta ta riƙe. Abin da ya kai ga maƙerin ƙauye shi ne guntayen dogo da tsofaffin kayan inji.

Waldar lantarki ta biyo wata hanya dabam. Wani ɗan Rasha, Nikolai Benardos, ya nuna ta a cikin shekarun 1880, amma ɗinkinta yakan yi ramuka ya karye, saboda iska na shiga narkakken ƙarfen. Oscar Kjellberg na Suwidin, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, shi ya gano a lulluɓe sandar walda da wani garin da zai ƙone ya kare ɗinkin daga iska. Aikin da yashin maƙeri yake yi kenan, aka manna shi a jikin sanda. Ɓawon da mai walda ke ƙwanƙwasawa bayan ya gama ɗan'uwan kashin maƙera ne.

A ganina, abin da ya mayar da walda sana'ar talaka a yankin Sennar shi ne tarakta da babbar mota. Noman dawa da riɗi da inji ya soma a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bazu zuwa Dali da Mazmum, ba nisa da Singa. Garmar tarakta na karyewa a baƙar ƙasar nan mai tauri, kuma ba mai jiran kaya daga Ingila ana tsakiyar shuka. Sannan a ƙarshen shekarun 1960 motar Bedford ta shigo Sudan. Masu gyara, waɗanda a can ake kira usta, ba su bar ta yadda ta zo ba. Sukan warware ta, su ƙarfafa casis, su ƙara mata sifirin, su ƙera mata sabon jiki, har ta ɗauki kayan da kamfanin bai taɓa tsara mata ba. Suka raɗa mata suna Sifinja, wato silifas, don laushin tafiyarta. Wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya yi bincike a kan wannan fasaha, aka kuma yi fim a kanta a 2009.

Wanda zai taɓa casis dole ya san abin da tsohon maƙeri ya sani. Casis yana murɗewa a kan hanya, shi ya sa kamfani ke haɗa shi da ƙusa da noti. Idan ya tsage, aka ja ɗinki miƙe daga sama zuwa ƙasa aka ce an gama, a gefen ɗinkin zai sake tsagewa, wataƙila mota na ɗauke da buhuna da mutane a kansu. Gwani yakan huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, ya gurza ta ta buɗe baki, ya cika, sannan ya ɗora mata faranti mai tsukakken baki a kowane gefe don nauyin ya rarrabu. Sifirin kuwa ba a yi masa walda a mayar a mota, ko da direba zai yi rantsuwa yana sauri. Ƙarfe ne mai tauri, zafin walda na sa gefen ɗinkin ya zama kamar kwalba. Gara a kai wa maƙeri ya fitar da wuƙa ko gatari.

A shirina na rediyo, tambayar da matasa masu koyon sana'ar suka fi aikowa ita ce wane inji za su saya. Ba su cika tambayar yadda ake gane ƙarfe ba, kuma nan ne asarar take. Gwajin ba ya cin ko sisi: a kanga ƙarfen a dutsen injin gurza a kalli tartsatsi. Ƙarfe mai laushi, irin na ƙofa da taga, tartsatsinsa dogo ne, rassansa kaɗan. Mai tauri yana watsa tartsatsi mai fashe-fashe kamar taurari. Ƙarfen zubi, irin na jikin famfo da kan inji, gajere ne ja. Shi wannan na ƙarshe sai an ɗumama shi tukuna, a sa masa sandar nikel, a riƙa ɗinki gajere-gajere, a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Wanda ya watsa masa ruwa zai ji ƙarar tsagewarsa da kunnensa.

Lambar da ke jikin sanda ma magana take yi. A 6013, wadda ta cika kasuwa, 60 ɗin farko ƙarfin ɗinkin ne, kuma ta isa aikin ƙofa, gado da amalanke. 7018 ta fi ta ƙarfi, ita ta dace da abin da zai ɗauki nauyi, amma da ta sha danshi ta rasa amfaninta, don haka ba a barin kwalinta a buɗe da damina. Sanda mai kaurin milimita 2.5, wadda a Najeriya ake kira geji 12, tana son amfiya 60 zuwa 90. Mai 3.2, geji 10, tana son 90 zuwa 130. Wuta ta yi kaɗan, sanda ta riƙa mannewa, ɗinkin ya kwanta a sama bai shiga ba. Ta yi yawa, ta ci gefen ƙarfen ta bar kwari.

Abubuwa biyu ne tsohuwar maƙera ba ta shirya kowa a kansu ba. Na farko ido. Hasken garwashi ba ya ƙona ido, na walda yana yi, kuma ba a jin ciwon sai bayan sa'o'i, mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba kariya ba ne. Gilashin walda mai lamba 10 zuwa 12 ake bukata, a jikin abin da ke rufe fuska duka, kuma yaron shago da ke riƙe ƙarfen shi ma yana da ido. Na biyu tanki da duro. Wanda aka taɓa zuba wa fetur, ko ya shekara babu komai a ciki, tururin da ya rage ya isa ya tarwatsa shi. Sai an wanke, an buɗe murfi, an cika shi da ruwa har kusa da inda za a taɓa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya isa wannan yanki. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, Singa a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Singa a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Waɗanda ke komawa gida suna tarar da ƙofofi a ɓalle, an kwashe kayan shaguna, injinan ban ruwa sun lalace. Sabon kaya ya yi tsada, wutar lantarki ba tabbas, don haka aikin ya koma kan tarkace da ƙaramin inji mai jan janareta. Guntun ƙarfen da aka tsinto a kango ba ya zuwa da takardar kamfani, kuma da shi za a gyara kafar famfon da gonar wani ke jira kafin lokacin shuka ya wuce.