Karen jagora

Karen jagora kare ne da ake horarwa na musamman domin ya ja makaho ko mai raunin gani a hanya, ya kauce masa da rami da mota da duk abin da zai iya yin karo da shi. Yana cikin rukunin karnukan taimako, wanda ya haɗa da masu sanar da kurame idan an yi sallama ko an ƙwanƙwasa ƙofa, da masu ɗauko wa guragu kaya. A ƙasar Hausa, har da yankin Gobir na gabashin Jihar Sakkwato inda ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suke, mutum ne yake yin wannan aiki, galibi yaro, kuma ana ce masa ɗan jagora.

Asalin kalma

Kalmar jagora haɗi ne na "ja" da "gora", wato mai jan gora. Ɗan jagora yakan riƙe bakin gorar ya shiga gaba, makaho ya riƙe ɗaya bakin yana biye. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa har ta kai ga shugaba, kamar jagoran tafiya ko jagoran jam'iyya. Ke nan idan aka ce karen jagora, an koma ga ma'anar farko ta kalmar, sai dai karen ba gora yake ja ba, wata ragama ce mai mariƙin ƙarfe ake ɗaura masa a ƙirji da baya.

Tarihi

An buɗe makarantar farko ta horar da irin waɗannan karnuka a garin Oldenburg na Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1929 Dorothy Eustis da wani makaho mai suna Morris Frank suka kafa makarantar The Seeing Eye a Amurka. Ingila ta yaye karnukanta huɗu na farko a 1931. A Afirka kuwa, Gladys Evans ta kafa ƙungiyar karnukan jagora ta Afirka ta Kudu a 1953.

Horo da kuɗinsa

Kuɗin sayen ɗan kwikwiyo shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Makarantu sun fi amfani da jinsin Labrador da Golden Retriever da German Shepherd, wanda a Najeriya aka fi sani da Alsatian. Idan kwikwiyo ya kai kamar mako 8 sai a miƙa shi ga wani gida na masu sa kai, ya yi shekara ɗaya ko fiye yana sabawa da mutane da hayaniyar titi. Bayan haka ya koma makaranta ya yi watanni huɗu zuwa shida a hannun ƙwararru. A nan ake koya masa tsayawa a bakin titi da matakala, da lura da abin da ke sama da kansa amma daidai da goshin mutum, da kuma abu mafi wuya, wato ƙin bin umarni idan bin sa zai jefa mai shi gaban mota. Karen ba ya sanin inda za a je. Makaho ne yake riƙe da hanya a kansa, yana ba da umarni. Da yawa daga cikin karnukan ba sa kammala horon saboda tsoro ko ciwon ƙugu ko yawan shagala, kuma abin da aka kashe musu yana hawa kan waɗanda suka ci.

Saboda haka makarantun Amurka suke ƙiyasta cewa kare ɗaya yakan ci dala 50,000 ko fiye kafin ya fara aiki. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, wannan naira miliyan 75 ke nan, kusan albashin shekara 90 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Amma a can ba makaho ke biyan kuɗin ba, gudummawar jama'a ce take ɗaukar nauyi. The Seeing Eye tana karɓar dala 150 kacal a kan karen farko, dala 50 a kan na gaba. Karen yakan yi aiki kamar shekara 8, sannan ya yi ritaya a nemi wani.

Zama a gida

Kafin a ba mutum kare sai ya je makarantar ya zauna makonni biyu zuwa huɗu suna koyon juna. Bayan an dawo gida akwai ƙa'idoji: mai karen shi kaɗai zai riƙa ba shi abinci, a kan lokaci, kuma a keɓe masa wurin kwana da wurin ba-haya. Ba a shafa shi ko kiran sa idan yana sanye da ragamar aiki.

Waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne da gidan Turai a zuciya. A gidan Bagobiri na Isa ko Sabon Birni tsakar gida ta kowa ce, kaji da awaki suna yawo, ga randa da butoci da tabarmar salla, yara kuma suna shige da fice da ƙanzo a hannu. Karen gida ko na farauta a wannan yanki da ragowar tuwo da ƙashi yake rayuwa, a waje yake kwana. Labrador mai nauyin kilo 30 kuwa yana bukatar abinci mai awo kullum, kuma busasshen abincin kare na buhu galibi daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa dala yake bi. Sai allurar rigakafin ciwon haukan kare, da maganin kaska da tsutsar ciki. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi, amma a Sakkwato yake, tafiyar fiye da kilomita 100 daga waɗannan garuruwa. Ga zafin bazara da kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da rairayi ke ƙona tafin kare. Hanyar ma daban take: an horar da karen ya nemi gefen titi na masu tafiya da ƙafa, a nan kuwa babur da amalanke da mai tafiya duk hanyarsu ɗaya.

Matsayin addini da al'ada

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kare najasa ne a kowace fuska, amma mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, tana ganin kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki, a wurinsu bin umarni ne kawai. Hadisai sun halatta ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma malaman zamani da dama sun yi ƙiyasin karen jagora a kan waɗannan. A 2008 wata majalisar shari'a a Ingila ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho damar zuwa masallaci a Leicester da karensa, aka yi wa karen wurin jira a wajen ɗakin salla. Duk da haka al'ada ta fi fiƙihu tsauri a nan. Kiran mutum kare zagi ne, kuma da wuya a bar kare ya shiga zaure ko motar haya, balle ya kwanta kusa da masu cin abinci.

Ɗan jagora da farar sanda

Binciken ƙasa kan makanta da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya, kuma yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 na makantar. Yanar ido ana cire ta da ƙaramar tiyata, saboda haka kuɗin kare ɗaya zai iya buɗe idon ɗaruruwan mutane.

Jagorancin yaro ba ya cin ko sisi a fili, kuma yana yin abin da kare ba zai iya ba: ya karanta kuɗi, ya tambayi hanya, ya faɗi wanda ke tafe. Kuɗinsa yana ɓoye ne a karatun yaron, domin wanda ya wuni riƙe da gora ba ya zuwa aji, kuma sau da yawa jika ne ko 'yar makahon. Hoton yaro yana jan makaho ya zama alamar yaƙi da makantar kogi, har aka kafa mutum-mutuminsa a hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba. A garuruwan Hausa da dama Sarkin Makafi ne ke kula da al'amuran makafi da sasanta su da hukuma.

Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Sabon Birni da Isa, musamman daga 2019, sun kori dubban mutane zuwa manyan garuruwa da kuma yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar. Makahon da ya haddace hanyar masallaci da ta kasuwa a ƙauyensu, idan ya yi hijira sai ya koma bai san ko'ina ba, dole ya dogara da jagora a kowane taku.

Tsakanin kare da yaro akwai farar sanda, wadda ake bikin ranarta kowace 15 ga Oktoba. Ba ta da tsada, ba ta cin abinci, amma ita ma sai an koya wa mutum yadda ake share hanya da ita hagu da dama. A Jihar Sakkwato makarantar A. A. Raji da ke babban birnin jihar ce take karɓar yara makafi da kurame. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda nakasassu za su iya shiga, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024.