Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Ake Zaɓen Malami a Ƙasar Hausa Jiya da Yau

Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba, wato hannun wa za a bai wa iccen? Idan mai karatu ya bi tarihin ilmi a ƙasar Hausa, zai ga kowane zamani da irin amsar da ya ba wannan tambaya.

A zamanin da, malami ba ya rubuta takardar neman aiki. A tsangaya yaro yakan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, duk a gaban idon malaminsa. Kafin a damƙa masa ƙananan almajirai ya riƙa biya musu allo, an shekara da shekaru ana ganin sallarsa da haƙurinsa da riƙon amanarsa. A makarantun zaure kuwa, ijaza ita ce shaida: malami ne zai yarje wa ɗalibinsa ya karantar da littafi, ya kuma jero masa sunayen waɗanda shi ma ya karɓa daga gare su. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda almajiran ilmi suka daɗe suna karantawa, ya shawarci ɗalibi ya zaɓi malamin da ya fi ilmi, ya fi tsantseni, ya kuma fi shekaru. Abdullahi ɗan Fodiyo ma littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Ashe a wancan lokaci wanda ya koyar da kai shi ne takardar shaidarka.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta bi wannan hanya wajen ilmantar da matan karkara. A tsarinta na 'Yan Taru, takan zaɓi dattijuwa mai kamun kai wadda jama'arta suka amince da ita, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar shugabanci. Jajin ce ke jagorantar mata zuwa wurin karatu, ta koma da waƙoƙin wa'azi ta koyar da sauran.

Da Turawa suka zo, sai hanya ta canza. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, kuma malaman Muhammadiyya ya fara tarawa ya koya musu boko. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horar da malamai, ana tankaɗo yara masu hazaƙa daga larduna. Daga nan aka yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam, kowannensu kuwa ya riƙe alli kafin duniya ta san shi. Mu marubuta sai mu lura: Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, da suka fito daga gasar 1933, duk malaman makaranta ne suka rubuta su. A 1934 kuma aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano, aka ɗauko malamai takanas daga Sudan, ita ce ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

Babban sauyi ya zo a 1976 da shirin UPE na ilmin firamare kyauta. Yara suka yi dafifi fiye da yadda aka kintata, malamai suka yi ƙaranci, aka shiga horon gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Niyya mai kyau ce, kuma miliyoyin yara sun amfana. Sai dai daga nan babu sauran lokacin da za a tsaya ana tambayar halin mutum. Sannu a hankali aikin koyarwa ya zama matattarar wanda ya rasa wani aiki, ko kuma kyautar da ake raba wa 'yan uwa da abokan siyasa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun kasa. An yi ta gardama a kan sahihancin jarrabawar, amma ko da ta inganta, ilmi kaɗai ta auna.

To, ina mafita? Ba za a koma zamanin da malami ya san kowane ɗalibi da iyayensa ba, don jama'a ta yawaita. Amma ana iya ɗauko abu ɗaya daga magabata: kafin a ɗauki mutum, a nemi shaidar malamin da ya koyar da shi da ta dattawan unguwarsu, kuma wanda ya ba da shaidar ya san sunansa na ciki. Bayan an ɗauke shi, a ajiye shi a ƙarƙashin gogaggen malami na ɗan lokaci, kamar yadda gardi ke zama a gaban alaramma. A kuma biya shi haƙƙinsa a kan kari, domin da wuya mai jin yunwa ya koyar da wadatar zuci. Yaro ya fi kwaikwayon abin da ya gani a kan abin da aka rubuta masa a allo. Allah ya ba 'ya'yanmu malamai nagari, amin.